Gwajin jini kafin aure bai saɓa wa tawakkali ba

Na yarda da kiran da wani labari da na karanta ya yi na a tilasta gwajin jini kafin ɗaurin aure, amma ya tsallake mu da aka riga aka haifa da cutar sikila. Malam, kai da ka rubuta a sharhinka kan labarin cewa gwajin jayayya ce da ƙaddara, ka tuna Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Idan mai jinin AS, wato mai ɗauke da ƙwayar halittar sikila ba tare da ciwon ba, ya auri mai AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai cutar sikila, kuma ni ce ɗayar a gidanmu a Gombe. Ban taɓa zargin iyayena ba, domin ba wanda ya sanar da su. Sai dai duk lokacin da hunturu ya shigo, ƙasusuwana su kama sara cikin dare, mahaifiyata ce ke zaune tana gasa mini ƙafafu da tsumma da ruwan ɗumi, tana lissafin kuɗin maganin hydroxyurea da na ƙarin jini. Ciwon ya koya mini haƙuri, amma haƙurina bai sauke nauyin da ke wuyan shugabanni ba. Kowace 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, a yi taro, a ɗauki hotuna, a watse. Tun da an sa hannu a dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 2022, me ya hana 'yan majalisarmu tsayawa a kan maganin masu sikila ya zama kyauta?