Wa Ya Koya Mana Jin Kunyar Daddawa?

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da tukunyar miyarmu. A yau da wuya ka samu uwargida a Kano ko Zariya ko Maraɗi da za ta yarda ta sauke miya ba ta jefa dunƙulen magi ba. 'Yan mata kuwa da dama in sun ga daddawa sai su toshe hanci, wai wari. Alhali wannan ƙamshin ne ke taso maigida daga zaure in miyar kuka ta nuna. Harshenmu ba haka kawai ya canza ba. Aiki aka yi a kansa, an kuma zuba kuɗi.

Maggi asalinsa daga Suwizalan yake, ya koma hannun kamfanin Nestlé tun 1947, kuma a Najeriya ana yin sa a masana'antarsu ta Agbara da ke jihar Ogun. Ku tsaya ku kalli tallar irin waɗannan dunƙule da idon basira. Ba a ɓata lokaci wajen faɗa miki abin da ke ciki. Mace za a nuno cikin atamfa mai tsada, kicin tsaf, ta murmushe dunƙule biyu a tukunya, miji ya kai loma ya lumshe ido, uwar miji ta gyaɗa kai. Azumi na kamawa sai shirye-shiryen girki su cika talabijin da rediyo, kamfanonin ne ke ɗaukar nauyi. Saƙon ɗaya ne, macen da ta iya girki ga abin da take sawa. A ƙasar da ake auna darajar mace da hannunta a miya, a gidan da wataƙila akwai abokiyar zama, wa za ta yi wasa da wannan saƙo? Tsoronta aka gano, aka sayar mata da maganinsa.

Sai dabara ta biyu, ƙaramin ƙunshi. Kamfanin Promasidor ya shigo da madarar Cowbell a 'yar leda a 1993, talakan da ba ya iya sayen gwangwani ya zama mai saye kullum. Indomie ta zo daga Indonesiya, aka bi ta kan yara da waƙa da zane, yau ga ta a teburin kowane mai shayi, yaro na kuka a ba shi ita ga tuwo a gabansa.

Ni abin da ya fi ƙona mini rai shi ne inda kuɗin ke tafiya. Duk wanda ya taɓa ganin ana daddawa ya san wahalarta. A ɓare ɗorawa a fitar da ƙalwa, a kwana ana dafa ta da itace, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku har ta yi, sannan a daka a mulmula a shanya. Kowane mataki hannun matan ƙauye ne. Da kuɗin ake zubin adashi, ake haɗa kayan ɗakin 'ya. In muka saya a wurinsu kuɗin na juyawa a cikin garinmu, ribar dunƙule kuwa rabon masu hannun jari ce. Iya mai daddawa ba ta da allon talla a bakin titi, tallarta yarinya ce da faranti a ka.

Ba na ɗora wa mata laifi ko kaɗan. Nama ya yi tsada, kifi ya yi tsada, an ba ki kuɗin cefanen da bai taka kara ya karya ba kuma ana jiran miya mai daɗi. Dunƙule na rufa asiri, wannan gaskiya ne. Amma kaso mai yawa na cikinsa gishiri ne, ga farin magi a kai, ga gishirin da za a ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, mu kuwa ga hawan jini ya zama ruwan dare a gidajenmu.

Don haka ina ganin ya kamata hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta tilasta duk kamfanin da zai tallata dunƙule da Hausa ya faɗi yawan gishirin da ke ciki da Hausa, a cikin tallar, da murya ɗaya da wadda yake yabon ɗanɗanon. Gidajen rediyonmu kuma, tunda suna da filin girki, su riƙa gayyato masu daddawa su ma su yi bayanin sana'arsu.