Yadda tr ya raba atamfar biki

Da bikin ƙanwarmu ya matso, Gwaggo ta ɗora mini aikin tsara jerin kayan da za a saya, domin a ganinta duk wanda ya karanci kwamfuta magatakardan dangi ne. Jerin ya iso ta WhatsApp cike da taurari da hotunan zuciya, saboda haka na miƙa shi ga tr, tsohon umarnin tsarin kwamfuta na Unix mai musanya haruffa. Idan aka sa masa -d yana share abin da aka lissafa, idan kuma aka ƙara -c sai ya juya, ya share duk abin da ba a lissafa ba. Na sa masa duka biyun, na lissafa masa haruffan a zuwa z, manya da ƙanana, da lambobi da tazara da ƙarshen layi, kuma cikin ƙiftawar ido takarda ta fito tsaf.

Ashe ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikin haruffa 128 na ASCII, tsohon jerin haruffan kwamfuta na Turanci, ballantana tsakanin a da z, kuma tr bawa ne mai biyayya wanda ba ya tambaya. Da yamma Kawu ya ɗaga takardar a gaban dangi ya karanta da ƙarfi: “Wai kiret 20.”

Gwaggo ta dube ni ta ce, “Kai ɗan nan, ƙwan da na biya da kuɗina ne ya zama wai?”

A zagaye na biyu na umarce shi ya cire lanƙwasassun alamomin zance kawai. Amma tr na GNU, wato irin wanda nake amfani da shi, bayit yake gani, wato ƙananan ɓangarorin da kwamfuta ke adana harafi da su, ba harafi ba, kuma a tsarin adana rubutu na UTF-8 alamar ’ bayit uku ce, E2 80 99, ƙ kuwa biyu ne, C6 99. Da ya kwashe 99, kowane ƙ ya rasa rabinsa ya koma alamar tambaya. Sai da na koma yaren shirya manhaja na Python, inda str.maketrans ke karɓar jerin abin sharewa a gurbi na uku kuma translate ke bin harafi ɗaya-ɗaya, sannan ƙwai ya dawo.

Sai dai takardar farko ta riga ta zagaya, kuma layin da Gwaggo ta rubuta “atamfa turmi 6 na ’ya’ya” ya fito “na yaya”. Yayarmu ta ce ita rubutu ta bi, kuma tela ya riga ya yanka uku.