Shaidar Magnet ba ita ke warkar da majinyaci ba

A Amurka, asibitin da ya samu shaidar Magnet, wato shaidar ingancin aikin jinya daga ANCC, cibiyar tantance ma'aikatan jinya, yakan rataya ta a bakin ƙofa, mutane kuma su ɗauka tun daga ranar aka rage mace-mace a cikinsa. Abin ba haka yake tafiya ba.

Asalin sunan daga binciken 1983 ne, wanda ya gano asibitoci 41 da ke jawo ma'aikatan jinya kamar maganaɗisu (magnet a Turanci), alhali sauran suna fama da ƙarancinsu. Wato kyakkyawan aikin ya riga shaidar zuwa. Sai a 1994 aka fara ba da ita, ga asibitin Jami'ar Washington da ke Seattle.

Abin da ke taɓa lafiyar majinyaci shi ne yawan gadajen da ke hannun nas guda, da iliminta, da ko likita yana sauraronta idan ta ce jikin wani ya canza. Binciken da masaniyar aikin jinya Linda Aiken ta wallafa a 2002 a Pennsylvania ya nuna cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin ɗari. Nas mai gadaje takwas ba za ta lura da zazzaɓin tsakar dare da wuri ba.

Masu tantance asibiti kafin a ba shi shaidar suna duba faɗuwar majinyata, gyambon kwanciya, da cutar da robar fitsari ke jawowa. Shaidar ta shekara 4 ce, neman ta yana cin kuɗi, shi ya sa ƙananan asibitoci nagari da yawa ba su taɓa nema ba.