Unguwar Castro: su wa ake nufi idan aka ce "mutanen unguwa"?

Kusan kowace Alhamis da rana, Hukumar Tsara Birni ta San Francisco, a jihar Kalifoniya ta Amurka, tana zama a babban zauren birnin. Duk wanda ya ga dama yana iya shiga layi, ya tsaya gaban makirufo ya faɗi albarkacin bakinsa. Minti uku ake ba shi, wani lokacin ma a rage in layi ya yi tsawo, kuma da lokacinsa ya cika ƙararrawa za ta katse shi ko yana tsakiyar magana. A wannan zaure ake yanke ko wane zai ƙara bene a gidansa, ko kantin kaza zai buɗe a kwanar kaza. Cikin unguwannin da suka ƙware wajen amfani da wannan dama akwai Castro, wadda duniya ta sani a matsayin unguwar masu neman jinsi ɗaya.

Na san inda yawancin masu karanta wannan shafi suka tsaya a kan wannan ɗabi'a, addini da dokar ƙasa sun riga sun yi magana, kuma ba ita na zo tattaunawa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne sha'anin tsara gari, domin da wuya a sami wata unguwa da ta gwada "a bar mazauna su yi magana" har ƙarshensa kamar Castro, ta ga amfaninsa, ta kuma ɗanɗani kuɗarsa.

Da can sunan wurin Eureka Valley, mazaunansa leburori ne 'yan asalin Ireland da arewacin Turai. Da suka fara ƙaura zuwa bayan gari a shekarun 1960, tsofaffin gidajensu na katako suka yi arha, sai sababbin baƙi suka riƙa saye suna gyarawa. Ɗaya daga cikin masu zuwan shi ne Harvey Milk, ɗan fafutukar masu neman jinsi ɗaya, wanda ya buɗe shagon kayan hoto a titin Castro a 1973. Ya nemi kujerar majalisar birni sau biyu yana faɗuwa, saboda a lokacin dukan birnin ne ke zaɓen kowane kansila. A 1976 aka sauya doka, kowane yanki ya zaɓi nasa, shekara na zagayowa ya ci. Wato dokar da ta mayar da iko hannun unguwa ita ta buɗe masa ƙofa. Bai cika shekara a kujerar ba aka harbe shi tare da magajin gari George Moscone, ranar 27 ga Nuwamba 1978.

Tun daga nan mutanen Castro suka riƙe wannan makami da kyau. Birnin yana da doka cewa kamfanin da ke da rassa 11 ko fiye ba zai buɗe kanti a irin waɗannan unguwanni ba sai da izini na musamman bayan an saurari jama'a. Da ita aka hana kamfanin shagunan kofi na Starbucks buɗe wani sabon reshe a titin Market a 2013. A 2014 an faɗaɗa hanyar masu tafiya a ƙafa a titin Castro, aka yi wa mahaɗarsa da titi na 18 fentin bakan gizo, alamar masu neman jinsi ɗaya. A 2019 majalisar birni ta ayyana unguwar a matsayin yankin al'adu da doka ta san da shi. Waɗannan ba ƙananan nasarori ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma injiniyan da ke zaune a ofis ba zai taɓa sanin kwanar da tsofaffi ke wahalar tsallakawa ba sai an gaya masa.

Amma karin maganar tana da ɓaraka a nan. Sau da yawa wanda yoyon ke zuba a kansa ɗan haya ne, shi kuwa mai ɗakin yana can zauren birni yana magana da yawun "mutanen unguwa". Wa ke da sukunin barin aiki ranar Alhamis da tsakar rana ya zauna awa huɗu yana jiran minti uku? Mai gidan kansa, ɗan fansho, mai kanti, lauya. Yaron da ke wanke kwanuka a gidan abinci ba ya zuwa. Wanda bai riga ya tare a unguwar ba, yana can wani ƙauye yana tara kuɗin mota, shi ko sunansa babu a takarda, alhali irinsa ne suka kafa Castro.

Dubi yadda tsarin ya daɗe yana aiki. A da, in mutum zai yi babban gyara ko sabon gini, ana aika takarda ga maƙwabtan da ke cikin tazarar ƙafa 150, a ba su kwana 30. A lokacin, mutum guda ya isa ya nemi hukuma ta sake duba izinin, ko da ginin bai karya wata doka ba, kuma hakan kan cinye watanni. Ga kuma dokar 1978 da ta ƙayyade tsayin gini a mafi yawan unguwannin zama zuwa ƙafa 40. Kowane mai ƙorafi yana da hujjarsa, wannan inuwa za ta rufe masa lambu, wancan wurin ajiye mota zai yi ƙaranci. Ka tara su na shekara arba'in sai ka sami unguwar da gidajenta ba su ƙaru ba amma masu nema sun ninka. Farashi ya haura sama, masu fenti da mawaƙa da ma'aikatan mashaya suka kwashe kayansu.

Ƙyamar baƙo ma ba ta tsallake unguwar ba. A ƙarshen shekarun 1990, da aka kawo shawarar buɗe wurin kwana ga matasa marasa matsuguni, yawancinsu masu neman jinsi ɗaya da iyayensu suka kora, wasu maƙwabta sun tashi haiƙan suna adawa. Mutanen da aka taɓa gudu su ne suka koma masu tsaron ƙofa.

Rikicin gidan sinima na Castro, wanda aka gina a 1922, ya nuna inda ƙarfin jama'a ke tafiya. A farkon 2022 wani kamfanin shirya wasanni ya karɓi ragamarsa, ya ce zai cire kafaffun kujerun ƙasa domin a riƙa yin casu. Aka shafe kusan shekara ɗaya da rabi ana tafka muhawara, zama bayan zama, har majalisar birni ta yanke a Yunin 2023 cewa kujerun ba sa cikin abin da dokar gine-ginen tarihi ta kare. Ban raina masu kare kujerun ba, wuri ne da suka yi kuka da dariya a cikinsa, musamman a shekarun da ƙanjamau ke ɗauke abokansu ɗaya bayan ɗaya. Sai dai ban ga an cika zaure haka a kan kuɗin haya ba.

Ra'ayina shi ne a bar jama'a su yi magana tun farko, lokacin da ake zana taswirar unguwa baki ɗaya: ina za a yi bene mai tsawo, ina za a bari, gida nawa za a ware wa masu ƙaramin ƙarfi. A yi zaman da yamma ko ƙarshen mako, a je wa 'yan haya har inda suke. In an gama an amince, wanda ya kawo gini daidai da taswirar a ba shi izini, kada maƙwabci guda ya riƙe shi. Abin sha'awa, Scott Wiener, wanda ya wakilci yankin Castro a majalisar birni kafin ya tafi majalisar dattawan jiha, shi ya kawo dokar 2017 da ta rage wa maƙwabta ikon tare wasu gine-ginen gidaje. Yanzu kuma jiha ta ɗora wa birnin nauyin samar da wurin gidaje kusan 82,000 kafin 2031.

Cleve Jones ya yi aiki tare da Milk, shi ya ƙirƙiro babban mayafin nan na tunawa da waɗanda ƙanjamau ya kashe, wanda aka fara ɗinkawa a wani shago a titin Market a 1987. A 2022 gidan da yake haya a Castro ya sauya hannu, aka ninka masa kuɗin haya fiye da sau biyu bisa hujjar cewa ba nan ne ainihin mazauninsa ba. Ya tattara kayansa ya bar unguwar.