Kwaikwayon laburaren zane: sunayen umarni ba su ne haɗarin ba

A shekarar 1993 Brian Paul ya fara rubuta Mesa, laburaren zane a kwamfuta (wato tarin ayyukan zane da manhajoji ke kira da suna) da ke amsa umarni iri ɗaya da OpenGL na kamfanin Silicon Graphics. Manufar ita ce manhajar da aka rubuta domin OpenGL ta yi aiki a kan Mesa ba tare da an taɓa ta ba, kuma hakan ba zai yiwu ba sai an ɗauki sunayen umarnin yadda suke. Idan manhaja ta kira umarnin glBegin, dole ta tarar da glBegin. Ko harafi ɗaya aka sauya, ba za ta tashi ba. Lissafin da ke can ciki kuwa, wanda ke mayar da kusurwoyi su zama hoto a allo, sabo ne aka rubuta.

A ganina wannan ba satar fasaha ba ce. Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a 2012, a shari'ar SAS Institute da World Programming, cewa haƙƙin mallakar manhaja bai shafi aikin da take yi ba. A Amurka lamarin bai fito fili haka ba. A 2021 Kotun Ƙoli ta ba Google gaskiya a kan Oracle, alƙalai shida da biyu, game da layuka kusan 11,500 na sunayen umarnin Java (wani harshen rubuta manhaja) da Google ya kwafa, amma cewa ta yi amfanin ya halatta, ta kauce wa tambayar ko ana mallakar irin waɗannan sunaye tun farko. Shari'ar ta ci fiye da shekara goma, kuma ba kowa ne ke da aljihun Google ba.

Duk da haka, inda ƙafar mai kwaikwayo ta fi zamewa daban ne. Wanda ya karanta rubutun asalin laburaren sannan ya zauna rubuta nasa, da wuya ya iya wanke kansa. Shi ya sa a 1984 kamfanin Phoenix ya raba ma'aikatansa gida biyu lokacin kwaikwayon BIOS na IBM, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta idan an kunna ta: wasu su bayyana aikin da yake yi, wasu da ba su taɓa ganin asalin ba su rubuta. Littafin bayanin laburaren ma yana da haƙƙinsa, haka sunansa tambarin kasuwanci ne, dalilin da ya sa Mesa bai kira kansa OpenGL ba. Sai kuma haƙƙin ƙirƙira, wanda raba ma'aikata ba ya maganinsa: dabarar matse hotuna ta S3TC ba ta shiga cikin Mesa kai tsaye ba sai da wa'adin haƙƙinta ya ƙare a 2017.