Sun ce in sayar wa 'yan gwangwan

Camry ce ƙirar 2003, wadda a gida ake ce wa Big Daddy, ta ci mil 212,000, sama da kilomita dubu 340 ke nan. Da ita nake zuwa aiki a nan Columbus ta jihar Ohio. Da shigowar sanyin bana ta tsiro da wani hali. In na sa ta a D da asuba sai ta yi kamar ba ta ji ba, sai na ƙirga uku sannan ta fizga. A babban titi kuma, wajen shiga giya ta uku, inji ya yi ta kuka amma gudu bai ƙaru ba. Daga baya wutar cek inji ta kama.

Na kai ta wani gareji da giya kaɗai suke gyarawa. Garejin ma a baki ne. Ɗakin jira ne da kafet da talabijin da injin kofi, kujeru a jere kamar asibitin kuɗi. Bakanike ba ka ganinsa sai ta gilashi, ga sanarwa a ƙofa wai inshora ta hana kwastoma shiga. Wanda ya karɓe ni saurayi ne da riga fes, ko ɗigon baƙin mai babu a farcensa. Kafin a ɗaga bonet sai da na sa hannu cewa zan biya dala 140 kuɗin dubawa, a gyara ko kar a gyara.

Bayan awa biyu ya fito da takarda. Kwamfuta ta ba da lamba P0755, man giya ya yi duhu, shawararsu a sauke giyabos a sake haɗa shi a kan dala 3,600. Ya ƙara da cewa motar duka ba za ta yi dala dubu 2 ba, in shi ne, 'yan gwangwan zai kira. Da murmushi ya faɗa, shi a ganinsa taimakona ya yi. Ni kuwa ji na yi kamar an ce in kai tsohuwata bola.

Ba zan ƙi gaskiya ba, tsarinsu yana da kyau. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da soket na OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, ka jona na'ura ta nuna maka ɓangaren da ke ciwo. Mu kuma mun san halin wasu kanikawanmu. Kowane jan mai man giya ne a wurinsu, alhali wannan motar T-IV take sha, a jikin sandar awon ma an rubuta. Wani ko ɗanawa bai yi ba zai ce giya ta mutu, a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a ɗauko 'yar Beljiyam. An ci kuɗin mutane da yawa a haka.

Amma lambar nan me ta ce? Cewa ta yi akwai matsala a wajen solinoyid na biyu, wato bawul ɗin lantarki da ke buɗe wa mai hanya a canza giya. Ba ta tantance ko shi ne ya mutu, ko datti ne ya toshe shi, ko faiba, wato farantan kulocin cikin giya, ce ta cinye ba. Daga nan aikin bakanike yake farawa. 'Yan garejin kuwa daga nan suka ɗauko kalkuleta.

Da daddare na kira tsohon bakaniken mahaifina ta WhatsApp. Bayan mun gaisa ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce, "To ɗana, ribas tana shiga nan take?" Na ce tana shiga, Baba. "In ta yi zafi fizgar tana raguwa?" Na ce ƙwarai. Ya sa na zaga da ita, na tsaya a wuri mai daidai, inji na aiki tana P, na zaro sandar na goga a farin ƙyalle. Man ya yi ƙasa, kalarsa kamar shayi ba madara. Ya ce in shinshina. Ban ji ƙauri sosai ba. Ya ce a kwance farantin ƙasa a duba maganaɗisun ciki: in laushin toka ne kamar kwalli, tsufa ne kawai, in kuwa ɓarɓashin ƙarfe ne mai ƙyalli, to mutanen can sun yi gaskiya. Ya kuma gargaɗe ni kar in yarda a wanke giyar da injin matsi, a tsiyaye abin da ya fito, a mayar da daidai shi.

Wani ɗan Zangon Kumasi da muke masallaci ɗaya ya yi min aikin a bayan gidansa. Kwalli muka samu. Muka canza mai da filta da solinoyid, duka bai kai dala 300 ba. Kukan titi ya tafi. Da asuba har yanzu tana ɗan jinkiri, Baba ya ce faibar ta ja jiki, in bar ta ta ɗumama, in daina taka ta kamar ina da gaba da ita.

Na san dalilin 'yan garejin. Inda awa ɗaya ta bakanike ta haura dala 100, binciken ma tsada ne, kuma suna tsoron su gyara rabi ka dawo da ƙara. To amma ko mutum ɗaya bai zauna a gefena mun zaga ba. Ina yaro, Baba kan shiga Fijo 504 ɗin mahaifina ya kashe rediyo, ya ce kowa ya yi shiru, ya karkata kai yana saurare har mu kai Gidan Murtala mu juyo. Ana gamawa a aika yaro ya sayo ƙosai. Shekara goma sha ɗaya ina garin nan, ban san sunan wanda ya taɓa riƙe sifana a kan motata a gareji ba.

Abin dariyar, da na bi shawarar saurayin, ba mamaki ta faɗa gwanjo, ta hau jirgin ruwa zuwa Kwatano, wata rana ɗayanku ya saye ta a Kano yana cewa sabuwa ce dal, ba a taɓa hawa a Najeriya ba. Da na faɗa wa Baba haka ya yi ta dariya, ya ce in na gaji da ita in turo, yana da mai so. Sannan ya tambaye ni ko da Babbar Sallah zan zo. Na ce ina dai duba kuɗin tikiti.