Yadda Na Mayar Da Dangina Koraye

Wlh duk wanda ya ce maka gyaran kalar tsohon hoto danna maɓalli ɗaya ne kawai to bai taɓa haɗuwa da hotunan majigin Baba ba. Irin ƙananan fim ɗin nan ne masu 35mm da ake sa wa firam ɗin kwali, sai an haska su a bango ake gani. Marigayi ya ɗauke su wajen 1977, har da na hawan dabar da aka yi a Kaduna lokacin bikin al'adun Afirka na FESTAC. Na samo sikana na hannu, na jona da laftof ina ta cika baki a gida wai zan dawo da tarihi.

Hoton farko da ya fito komai ruwan hoda ne, dawakai ruwan hoda, sama ruwan hoda, rawanin hakimi ma haka. Ashe haka tsohon fim ɗin da ake kira Ektachrome yake yi, rini uku ne a jikin fim ɗin kuma mai shuɗi-shuɗin shi ke fara koɗewa sai jan ya rage yana mulki. To a manhajar gyaran hoton akwai wani ɗan tsinke da za ka dangwala a wurin da ka san fari ne ko ruwan toka, shi kuma ya daidaita sauran kaloli da shi. Na ga Baba tsaye cikin babbar riga, na ce ai wannan fara ce sol, na dangwala.

Jama'a, rigar ta yi fari tas, amma Baba da Kawu da duk wanda ke hoton suka koma koraye shar kamar an tsoma su a miyar kuka. Ina cikin muzurai Hajiya ta leƙo ta bayana ta ce, “Kai kuma me ya samu ubanka?” Na ce Hajiya gyara nake, na mayar da rigar fara yadda take. Ta ce, “Wace farar? Wannan shaddar ai dama can ruwan hoda-hoda ce, ni na kai ta ɗinki.” Wato na tilasta wa kwamfuta ta cire jan da yake na gaskiya, ita kuma ba ta musu, ta kwashe shi daga fuskar kowa. Sai da na koma na dangwali tayar wata fijo da ke bayansu da kwaltar titi sannan mutane suka dawo mutane.

Wani irin fim ɗin da ake kira Kodachrome kuma nasa salon daban, bai koɗe ba ko kaɗan, in ka ɗaga shi a rana kyau kamar me, amma a sikana sai ya fito da shuɗi-shuɗi. Na kunna abin goge ƙura mai aiki da hasken infrared wanda ido ba ya gani, shi kuma ba sa shiri da irin wannan fim ɗin, ya ɗauka gashin bakin Kawu datti ne ya gutsire masa gefe.

Cikin dare na gama, na tura guruf ɗin dangi na WhatsApp ina jiran a sa min albarka. Da safe saƙo ya cika waya, Anti tana tambaya wai lokacin sanyi aka ɗauka ne ta ga leɓen kowa shuɗi. Ashe laftof ɗin na kan yanayin dare, wanda ke sa allo ya yi rawaya don kar ido ya gaji, ni kuma na yi ta ƙara shuɗi ina yaƙi da rawayar da babu ita a hoton.

Kawu dai kala ba ta dame shi ba, kira na ya yi. “Ɗana, tunda ka iya cin gashin baki, ka taimaka ka rage min sumar nan da wandon fantalon kafin jikoki su gani.” Na ce Kawu ai sun riga sun gani, har an yi sitika da shi.